Sandar Mita 60 da Ta Auna Doron Ƙasa

Ranar Juma'a, 11 ga Fabrairun 2000, da rana tsaka, kumbon Endeavour ya tashi daga sansanin Kennedy da ke jihar Fulorida ta Amurka, ɗauke da mutum shida da wani kaya da ba a taɓa kai irinsa sama ba. A ɗakin kayan kumbon, kusa da wata shimfiɗaɗɗiyar eriya mai tsawon mita 12, an kafa wani gwangwani da tsawonsa bai cika mita uku ba. Da suka daidaita a kan hanyarsu, kilomita 233 daga ƙasa, aka buɗe murfin gwangwanin, sai wata sanda ta fara fitowa gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa ta miƙe ta kulle kafin ta bayanta ta biyo. Gaɓa 87 ne. Da ta gama fitowa tsawonta ya kai mita 60, ƙafa 200 ke nan, kuma can a bakinta an ɗaura wata eriyar mai nauyin kilo 360. Kafin wannan rana ɗan'adam bai taɓa miƙa sandararren abu mai wannan tsawon a sararin samaniya ba.

Aiken da aka yi musu a baki ba wuya. Su auna tudu da kwarin doron ƙasa tsakanin digiri 60 a arewa da digiri 56 a kudu, wato daga bakin kudancin Girinlan har ƙarshen Kudancin Amurka. Kashi 80 cikin 100 na tsandaurin duniya ke nan, inda kusan kowa yake zaune. Ana son kowane taku na mita 30 ya samu lambarsa, wadda ke faɗin tsayinsa daga saman teku. Kwana 11 aka ba su, har da tafiya da dawowa.

Mai karatu zai iya cewa, a shekara ta 2000 har akwai sauran abin aunawa? Akwai, da yawa ma. Taswirorin tudu da kwari da ake da su a lokacin tsince-tsince ne. Wannan ƙasa ta auna nata da ma'auninta, maƙwabciyarta ta bi nata, in an haɗa takardun a kan iyaka sai a ga dutse ɗaya da tsayi biyu. Wasu sassan Afirka awon da 'yan safiyo na zamanin mulkin mallaka suka yi shi ake ta kwafa. Dazukan Amazon da na Kwango kuwa girgije ya hana jirgin ɗaukar hoto ganinsu yadda ya kamata. Taswirar duniya baki ɗaya mafi kyau, wadda hukumar safiyon ƙasa ta Amurka ta kammala a 1996, lamba ɗaya take bayarwa a kowace kilomita, ko gari ne a wurin ko rami. Alhali tsakanin 1990 da 1994 kumbon Magellan ya ɗauki hoton kashi 98 cikin 100 na fuskar Zara, matar wata, da na'ura guda da ma'auni guda. An yi wa gidan maƙwabci shara, namu na nan da ƙura.

Na'urar da Magellan ya yi aiki da ita rada ce, ita ce kuma a cikin Endeavour. Rada ba ta jiran hasken rana. Igiyar rediyo take harbawa ƙasa, ta saurari amsa-kuwwarta, daga lokacin da igiyar ta ɗauka kafin ta dawo a san nisan abin da ta daka. Ba ruwanta da dare, ba ruwanta da girgije ko hazo. Sai dai nisa kaɗai ba ya faɗin tsayi. Rada a karkace take kallon ƙasa, don haka ƙolin dutsen da ke can gaba da gindin kwarin da ke nan kusa suna iya zama nisansu ɗaya daga eriya, amsarsu ta dawo tare, a rasa wane ne wane.

Maganin wannan yana jikin kowa. Mai kunne ɗaya yana jin carar zakara, amma da wuya ya nuna gidan da ta fito. Mai kunne biyu yana nunawa, domin sautin ya riga isa kunne ɗaya kafin ɗayan da ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba, ƙwaƙwalwa ta yi sauran lissafin. Eriyar cikin kumbo ita ke harba igiya kuma ta saurara, ta bakin sanda sauraro kawai take yi. Amsar da ta taso daga wuri ɗaya a ƙasa za ta isa ɗaya kafin ɗayar. In an san wannan bambanci, an san kusurwar da amsar ta fito. In aka haɗa kusurwa da nisa, ga tsayi ya fito.

Inda gizo ke saƙa shi ne auna bambancin. Ba agogon da zai iya, don igiyar da saurin haske take tafiya. Sai aka koma ga igiyar kanta. Tana tafe tana hawa da sauka, hawa da sauka ɗaya a kowane santimita 5.6, wanda shi ne zangonta. In ta iso eriyar farko tana kan ƙololuwar hawanta, ta iso ta biyu ta fara gangara, to wannan ɗan saɓani ya nuna bambancin tafiyar har zuwa milimita. Ana gwada wannan a kowane ɗigo na hoton, a ba kowane mataki na saɓanin launinsa, sai ƙasar ta fito da zane-zanen ja da ruwan ɗorawa da kore da shuɗi, suna kewaye duwatsu, suna matsuwa inda gangara ta yi tsanani, suna buɗewa inda fili ya miƙe. Wannan dabara ita masana ke kira intafarometiri, awon gamuwar igiyoyi.

Tana da nata tarkon. Na'ura ba ta san zango nawa cikakku suka shiga tsakani ba, ragowar kawai take gani. Rubu'in zango da zango goma da rubu'i duk launi ɗaya suke bayarwa. Dole kwamfuta ta fara daga wurin da aka san tsayinsa, ta bi zanen tana ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya, kuma in ta tsallake ɗaya, duk abin da ya biyo baya ya karkace. Shi ya sa aka tsara a riƙa kunna radar Endeavour tun tana kan teku kafin ta shiga kowace nahiya, a kuma bar ta kunne na ɗan lokaci bayan ta fita, domin saman teku shi ne sifili.

Masu awon gindin ruwa ma da wannan hikimar suke aiki. Igiyar rediyo ba ta nisa a ruwan gishiri, don haka sauti suke harbawa, wanda ke tafiyar kimanin mita 1,500 a daƙiƙa, su jera masu sauraro biyu ko fiye a jikin jirgi, tazarar 'yan santimitoci, su samu zurfin faffaɗan yanki a wucewa ɗaya. Sona ke nan mai kunne biyu. Lissafin ɗaya ne.

Ba a kan Endeavour aka fara wannan dabara ta rada ba. A 1969 wasu masana biyu, Rogers da Ingalls, suka yi amfani da eriya biyu a nan ƙasa don rarrabe amsar rada daga Zara. A 1974 wani masani mai suna Graham ya bayyana yadda aka gwada abin daga jirgin sama. A 1986 Howard Zebker da Richard Goldstein na cibiyar JPL da ke Pasadena a Kalifoniya suka fitar da taswirar tudu da kwari ta yankin San Faransisko, daga awon da aka yi da wani jirgin NASA. Kafin takardar tasu ta fito jirgin ya ƙone ƙurmus a watan Yulin 1985, tayarsa ta fashe yana ƙoƙarin tashi, mutanen ciki suka tsira, radar ta tafi. Sai a 1993 duniya ta waiwayo. Didier Massonnet na hukumar sararin samaniyar Faransa da abokan aikinsa suka ɗauki hotuna biyu da tauraron ɗan'adam na Turai, ERS-1, ya yi wa hamadar Mojabe, ɗaya a watan Afrilun 1992, ɗaya a Agusta. A tsakaninsu, ranar 28 ga Yuni, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 7.3 ta afka wa yankin Landers. Da suka haɗa hotunan suka cire abin da tudu da kwari suka jawo, sai ga zobba masu launi sun kewaye tsagar, kowane zobe na nufin ƙasa ta gusa milimita 28. Mujallar Nature ta sa hoton a bangonta. Daga nisan kusan kilomita 800 an ga motsin da mai tsaye a wurin ba zai gani ba.

To me ya hana a bi wannan hanya a auna duniya, tauraro ɗaya ya wuce yau ya dawo bayan mako biyar, a haɗa hotunan? Saboda ƙasa ba ta zama yadda aka bar ta. Ganye ya tofo, iska ta kaɗa reshe, an yi huɗa a gona, raɓar sama ta ƙaru ko ta ragu ta rage wa igiyar sauri. A busasshiyar hamada abin yana yi, a daji sai hoton ya dagule. Maganin shi ne a saurara da eriya biyu a lokaci guda.

Nan ne wayon injiniyoyin JPL ya burge ni, domin kusan ba su ƙera sabon abu ba. Babbar eriyar tana ajiye, ta riga ta hau Endeavour sau biyu a 1994, a watan Afrilu da Oktoba, tare da wata ƙaramar rada ta Jamus da Italiya mai zangon santimita 3.1. Sandar kuwa kamfanin AEC-Able na Kalifoniya ya yi ta, wanda dama shi ke ƙera sandunan da za su riƙe faifan sola na tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa. Na'urorin auna nisa da hasken leza ma irin na 'yan safiyo ne da ake sayarwa a kasuwa, aka gyara su don su jure sama. Kuɗin aikin, kaso mai tsoka, daga hukumar taswira ta ma'aikatar tsaron Amurka ya fito, wadda ake kira NIMA a lokacin. Soja na son sanin tudu da kwari don makami mai linzami da jirgin da ke tafiya ƙasa-ƙasa. A riƙe wannan, zai dawo.

Wahalar duka tana bakin sandar. Tazarar eriyoyin mita 60 ce, ƙasar da ake aunawa tana nisan ɗaruruwan kilomita, don haka ƙaramin kuskure a sama yana kumbura kafin ya iso ƙasa. In aka yi kuskuren milimita uku wajen sanin inda bakin sandar yake, dutse zai ƙaru ko ya ragu da kimanin mita goma. Ga shi sandar ba ta tsayawa cik. Kumbo yana zagaya duniya cikin kimanin minti 90, yana shiga rana yana fita, zafi da sanyi na aiki a jikinta. Duk lokacin da aka kunna ƙaramin roka don gyara zama, sai ta yi lilo. Da yake ba za a iya hana ta motsi ba, sai aka sa mata ido. An liƙa jajayen fitilu uku a eriyar waje, wata kyamara a cikin kumbo tana bin su ba ƙiftawa. Leza na auna tsawon sandar. Wata kyamarar na kallon taurari don sanin inda kumbon ya fuskanta, na'urorin GPS na faɗin inda yake. Sharaɗin da aka gindaya shi ne a san tsawon tazarar har zuwa milimita biyu, a san wurin kumbon har zuwa mita ɗaya, a kowane lokaci, kumbon kuwa yana gudun fiye da kilomita bakwai a daƙiƙa.

Tashin ma sai da ya sha ɗagawa. An so a tafi a watan Satumban 1999, sai aka tsayar da kumbunan duka don binciken wayoyin lantarki, bayan wata waya ta yi gajeren haɗi a kumbon Columbia a watan Yuli. Ranar 31 ga Janairu mutanen na ciki a ɗaure, yanayi ya ɓaci, wata na'urar sarrafawa ta nuna alamar matsala, aka sauko da su.

Da aka samu tashi, komai ya tafi sumul. Ba a cika awa 12 ba rada ta fara aiki. Mutum shidan suka rabu gida biyu, awa 12 kowane, don kada aikin ya tsaya. Kwamanda Kevin Kregel da Janet Kavandi da Bajamushe Gerhard Thiele a ɓangare ɗaya, matuƙi Dominic Gorie da Janice Voss da Mamoru Mohri na Japan a ɗayan.

Kashegari masu lura da kumbon daga ƙasa, a Hustan, suka ga man kumbon yana tafiya fiye da lissafi.

Dalilin ya samo asali ne daga wani abu da aka san da shi tun farko. Dogon abu a sararin samaniya ba ya son zama a karkace. Ɓangaren da ya fi kusa da ƙasa yana jin janta fiye da na nesa da ɗan kaɗan, wannan ɗan kaɗan ɗin kuma yana ta murɗa shi yana neman ya tsayar da shi. Endeavour da sandarsa a karkace suke tafiya, don haka ƙasa na ta murɗa su dare da rana. Don a soke wannan murɗiya aka sa wani ɗan bututu a can bakin sandar, yana hura iskar naitrojin a hankali ba tsayawa. Ƙarfinsa bai taka kara ya karya ba, amma da yake yana can nesa da jikin kumbon, ya isa. Wannan ɗan bututun ne ya ƙi aiki. Sai nauyin ya koma kan ƙananan rokokin kumbon, suna ta tashi akai-akai suna mai da shi kan layi, suna shan man da aka ware don ɗaga kumbon kullum da kuma dawowa gida. In aka ci gaba a haka, sai an naɗe sandar kafin lokaci. Kuma hanyoyin da aka tsara kumbon ya bi a jere suke, kowane zagaye na share faɗin kilomita 225 kusa da na wani, sai an cika zagaye 159 kafin su rufe duniya. Rage kwana ɗaya na nufin a bar dogayen gibi a kowace nahiya.

Ba wanda zai iya fita ya bi sanda mita 60 ya duba bututu. Sai aka koma tsimi. Injiniyoyi a ƙasa suka zauna suna tsintar mai cokali-cokali: a ɗan sassauta iyakar da aka yarda kumbon ya kauce kafin roka ya tashi, a sauya yadda ake zubar da ruwan da ya taru a kumbon, a sake lissafin ɗagawar da ake yi kullum. Ita wannan ɗagawar ma abin kallo ce. A tsayin kilomita 233 akwai sauran iska 'yar kaɗan da ke jan kumbon ƙasa, dole kusan kullum a tura shi sama. In aka kunna roka gaba ɗaya sandar za ta lanƙwashe ta yi ta kai da komo, har ta iya lalacewa. Sai matuƙan su ɗan taɓa rokar sau ɗaya, sandar ta lanƙwasa baya, su jira daidai lokacin da ta kai ƙarshe za ta dawo, sannan su kunna sosai, turin ya riƙe ta a inda take. Kregel da Gorie sun yi ta wannan ba tare da sandar ta sami ko ƙwarzane ba. Bayan kwanaki ana tsimi, lissafi ya nuna man zai kai. Har aka ƙara musu awa tara na awo a kan abin da aka amince da shi kafin tashi.

A cikin kumbon kuwa aikin hannu ne mai gajiyarwa. Bayanan da rada ke zubowa sun fi ƙarfin a aiko da su ƙasa ta iska, sai ɗan abin dubawa. Sauran a kaset ake naɗa. Kaset ɗaya na cika cikin rabin awa da bayanan babbar radar, na ƙaramar ta Jamus da Italiya cikin awa guda. Wani na shawagi a gaban rakodar, ya zare wanda ya cika, ya zura sabo, ya adana, ya jira na gaba, ta taga kuma Himalaya ko Sahara na wucewa. Kaset 332 suka cika.

Ranar Litinin, 21 ga wata, aka kashe rada bayan awa 222 tana aiki. An taɓa kashi 99.96 cikin 100 na yankin da aka nufa aƙalla sau ɗaya, kashi 94.6 sau biyu, kusan murabba'in kilomita miliyan 120. Saura naɗe sanda, kuma wannan ba wasa ba ne, domin ƙofofin ɗakin kaya ba sa rufuwa in tana waje, kumbo kuma ba ya shigowa iskar duniya da ƙofa a buɗe. An horar da biyu daga cikinsu su fita su naɗe ta da hannu in injin ya ƙi. In hakan ma ya gagara, akwai abin fashewa da zai datse ta a bar ta can. Gaɓoɓin suka koma gwangwani lafiya lau, sai a ɗan taƙin ƙarshe makullan murfin suka ƙi kamawa. Aka gwada, shiru. Aka sake, shiru. A karo na uku suka kama. Ranar Talata, 22 ga Fabrairu, bayan iska ta sa an ƙara zagaye ɗaya, Endeavour ya sauka a Kennedy da magariba.

Kusan kwana goma na ɗauka, shekaru na tacewa. Sai da kwamfutocin JPL suka bi kasakasan nan, suna haɗa kowane ɗigo da bayanin inda bakin sandar yake a wannan daƙiƙar. An yi alkawarin kuskuren tsayi ba zai wuce mita 16 ba. Da aka gwada da awon GPS da aka yi a kan hanyoyin mota a nahiyoyi daban-daban, sai aka tarar bai wuce mita tara ba, a Afirka ma bai kai shida ba. Ba a ce ba aibi. A kan tsaunuka masu tsananin gangara akwai ramukan da rada ba ta hango ba. A wasu sassan Sahara busasshen rairayi ya ƙi mai da amsa mai ƙarfi, aka sami gibi. A dajin Kwango kuma saman bishiyoyi aka auna, ba ƙasa ba. Duk da haka, wanda ya taɓa karkata Google Earth ya ga duwatsu sun taso, a wurare da dama awon wannan tafiya ya gani. Masu kafa turakun waya, masu tsara madatsun ruwa, masu hasashen ambaliya, masu na'urar gargaɗin jirgin sama kada ya daki dutse, duk sun ɗiba.

Wani abin da ya fito daga ciki ya shafe mu kai tsaye. Wanda ya san Maiduguri da Bama ya san doguwar tungar rairayin nan da ta ratsa yankin, wadda masana ke kira tudun Bama. Tun farkon ƙarni na 20 Bafaranshe Jean Tilho ya kawo batun cewa Tafkin Chadi ya taɓa zama ƙato, daga baya wasu suka ce wannan tudu gaɓarsa ce. Wasu masanan kuma suka musa, suka ce motsin ƙasa ne ya yi shi, ba ruwa ba. Gardamar ta daɗe, don ba mai awon da ya game yankin duka da ma'auni ɗaya. Da bayanan Endeavour suka fito, masu bincike a 2005 da 2006 suka bi tudun a kwamfuta, suka tarar yana riƙe da tsayi kusan ɗaya, mita 320 da 'yan kai daga saman teku, daga Borno ya shiga Kamaru, ya zagaya cikin Chadi ɗaruruwan kilomita, da alamun bakin koguna da tsirin rairayi irin wanda igiyar ruwa ke ginawa. Abin da ke kwanciya a tsayi ɗaya haka ruwa ne. Kimanin shekara 7,000 da suka wuce tafkin ya haura murabba'in kilomita 340,000, ya kusa Tekun Kasfiya na yau. Wurin da ya fi zurfi shi ne kwarin Bodele a arewacin Chadi, wanda yau ya bushe ƙaƙas, kuma daga farin garin da ya kwanta a gindinsa iska ke kwaso kaso mai yawa na hazon da ke rufe Kano da Zinder a lokacin hunturu.

Sai batun mai kuɗi. Yarjejeniyar NASA da ma'aikatar tsaro ta ce bayanan taku 30 na ƙasar Amurka kowa ya ɗauka, amma na sauran duniya sai an rage musu kaifi zuwa taku 90 kafin a saki. Lamba ɗaya ke nan a inda ake da tara. Injiniyan ruwa a Kalifoniya yana da cikakken awon rafin bayan gidansa, takwaransa da ke fama da ambaliyar Haɗeja ko ta Yamai yana da dishi-dishi, alhali an auna nasa da kyau ɗaya, yana kulle a ma'ajiyar wata hukuma a wata nahiya. An ce don tsaro ne. Ni dai ban ga wanda aka tsare ba, ganin cewa tun 2009 Japan da NASA kanta suka saki wata taswirar ta taku 30 da aka yi da kyamarar ASTER, ko da yake girgije ya ɓata mata wurare da yawa. Sai ranar 23 ga Satumban 2014, a taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya a birnin New York, gwamnatin Barack Obama ta sanar za a saki cikakkun bayanan, aka fara da Afirka, sauran yankuna suka biyo baya zuwa 2015. Shekara 14 bayan an ɗauko su. Janice Voss, wadda ita ce shugabar aikin awon a cikin kumbon, ba ta ga ranar ba, ciwon daji ya ɗauke ta a Fabrairun 2012.

Kafin nan Jamusawa sun riga sun wuce gaba. Suka ce me ya kai mu ɗaukar sanda? A 2010 suka harba tauraron TanDEM-X ya je ya bi ɗan'uwansa TerraSAR-X da ke can tun 2007, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, tazarar 'yan ɗaruruwan mita, ɗaya na harbawa duka biyun na saurare. A 2016 suka kammala taswirar duniya duka, har da ƙanƙarar arewa da ta kudu, da taku 12. Ita sandar Endeavour, da gwangwaninta da eriyar bakinta, tana gidan tarihin jiragen sama na Smithsonian da ke jihar Bajiniya.

Sabon awon bai kashe tsohon ba, sai ma ya ƙara masa daraja. Taswirar Jamusawa shekaru aka yi ana tara ta, ta Endeavour kuwa cikin kwana goma aka ɗauke ta, don haka tana da kwanan wata: ga yadda doron ƙasa yake a tsakiyar Fabrairun 2000. Mai son sanin mita nawa ƙanƙarar Patagoniya ko ta Himalaya ta zaizaye, ko zurfin da ramin haƙar ma'adinai ya ƙara, ko yawan dutsen da aman wuta ya tara, sai ya ɗauki awon yau ya debe na 2000 daga ciki.